Ruwan da Ba a Haɗiyewa

A gidan da na tashi, a wani ƙauye da ke gefen Miga, ba a barin mutum ya yi barcin rana shi kaɗai. Ba wanda ya taɓa faɗa mana wannan da baki, haka muka buɗe ido muka tarar. In rana ta take aka sauko daga gona, duk wanda ya miƙe a tabarma za ka ga wani zaune wajen ƙafarsa, ko mai ɓarar gyaɗa, ko mai tsifar kai, ko Iya, kakarmu ta wajen uba, da mazarinta tana kaɗi. Na daɗe ban tuna wannan ba. Abin da ya tuno min da shi kuwa ba abin daɗi ba ne. Wata mata ce mai suyar kifi a bakin layinmu, nan unguwar Limawa a Dutse, aka ɗora wa maita a kan abin da ba ta ji ba ba ta gani ba, kuma daga cikin gidan yayata abin ya fito. Tun daga lokacin nake yawo da haushi, irin wanda tsoho ba shi da wurin sauke shi sai takarda.

Ga wanda Allah ya tsare bai taɓa sanin dannau ba, ga yadda yake. Ka farka, idonka biyu, kana ganin rufin ɗaki, kana jin duk abin da ake yi a tsakar gida, amma ko ɗan yatsa ba ka iya ɗagawa. Wani nauyi ya hau ƙirjinka ya zauna. Ka tattara duk ƙarfinka ka kurma ihu, sai wani ɗan gurnani ya fito kamar na ɗan akuyar da igiya ta shaƙe. Sau da yawa kuma za ka ga mutum, tsaye a bakin ƙofa ko durƙushe a kanka, kuma ba lalle baƙo ba. Iya cewa take aljani ne, amma a cikin aljanu ma shi ne malalaci, wanda bai iya komai ba sai zama a kan mutane. Baba, da yake ya ɗan taɓa karatu, yakan ce a riƙe addu'ar kwanciya a daina kwanciya rigingine. Ba su taɓa daidaitawa a kan ko mene ne shi ba, kuma ban ga hakan ya hana su barci ba. A kan abin da za a yi in ya zo ne ba su da saɓani, kuma aiki ne kashi biyu. Na farko, wanda ke kusa ya kama babban yatsan ƙafar mai barcin ya murɗa, ya kira sunansa. Na biyu shi ne ruwa.

Akwai randa a ƙofar ɗakin Iya, an binne gindinta a jiƙaƙƙen yashi, an rufe ta da faifai, moɗa a kife a kai. Har yau in na rufe ido ina jin sautin tsakar ranar gidan nan: kurciya a kan tsamiya tana nanata abu guda, taɓarya daga wani gida can nesa, ƙudaje, jakin maƙwabci da ba ya rasa ƙorafi, da ɗan ƙarar faifan nan in an zame shi daga bakin randa. Da zarar an tashi mutum daga dannau, kafin ya ce uffan, moɗa ta iso bakinsa. Ya kurɓa ya cika kumatu, ba haɗiyewa, ba tofarwa, sai Iya ta ba da izini. Babba ne ko yaro, haka ake yi masa. Na ga ƙanin Baba, ƙato mai ɗaukar buhun gero shi kaɗai, zaune da kumatu a kumbure yana zare ido, Iya kuwa ko kallonsa ba ta yi, kaɗinta kawai take. Mu yara mun ɗauka magani ne. Mun ɗauka aljanin ne ke tsoron ruwan randa.

Ranar da abin ya zo kaina lokacin kaka ne, ana cirar gyaɗa, ban ko fara azumi cikakke ba. Mun yi sammako, na gaji tiɓis, na baje rigingine a ɗakin Iya. Yaya, wadda nake bi, tana bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa. Sai na farka na kasa motsi. Ina ganin jinkar ɗaki, ina jin ɓas-ɓas ɗin gyaɗar Yaya, sai ga Bafulatanar da ke kawo mana nono kullum, wadda muke kira Goggo, ta shigo ba sallama. Ita ce sak, da awarwaronta da zanen goshinta. Ta sauke ƙwaryarta a kan ƙirjina, ta hau kan ƙwaryar ta zauna, tana kallona ba ta ƙiftawa. Ban san iya lokacin da na ɗauka a haka ba. Zafin murɗar yatsa na ji, da muryar Yaya tana kiran sunana, sai komai ya sake ni. Na zabura na buɗe baki, sunan matar nan yana kan harshena, har na fara "Go...", moɗa ta daki haƙorana.

"Kurɓa," in ji Iya. "Cika bakin. Ka haɗiye, in ci mutuncinka."

Na zauna, hawaye na bin kumatun da ruwa ya cika. Ban daɗe a haka ba sai ga sallama daga zaure, sai ga Goggo ta gaske, da ƙwaryarta ta gaske, ta sha rana tana gumi. Na yunƙura zan gudu, Yaya ta danne min kafaɗa. Goggo ta dube ni ta tuntsire da dariya.

"Iya, me ya sami ɗan Kaɗon nan? Kumatu kamar gafiya ta faɗa rumbu."

"Rashin ji ne ya cika su," in ji Iya. "Dama masa fura, ki sa nono da yawa."

Ta durƙusa a gabana tana damu, tana ba Iya labarin saniyarta da ta haihu, da tsadar dusa, da surukarta mai baƙin rowa. Ina kallon hannunta. Hannu ne na mace mai wahala, duk kaushi, da ƙunar murhu a wuyansa. A hankali abin da na gani a ɗaki ya fara kankarewa daga jikinta, har ta koma Goggo mai nono, wadda ke ƙara min ludayi guda in Iya ta juya baya. Sai a lokacin Iya ta ce in je in tofar a gindin tsamiya. Na dawo na karɓi furar daga hannun matar na sha.

Da yamma, muna tsince tsakuwa a wake, Iya ta yi maganar sau ɗaya, ba ta sake ba. Ta ce, "Wanda aka tasa daga dannau, jikinsa ya dawo, bakinsa bai dawo ba. Duk wanda ya kira, ya kira shi ke nan, ba a mayarwa." Ta ce tana yarinya ta ga an jawo wata tsohuwa tsakiyar gari, an tuɓe mata zane, an sa ta tsallaka wani mai ciwo don ta sakar masa kurwa, saboda kawai ya kira sunanta yana cikin magagi. Tsohuwar ba ta sake fitowa ko rijiya ba har ta mutu. Iya ta ce ruwan ba ruwansa da aljani, na mutanen gari ne. Har ta koma ga Allah ba ta tambaye ni wa na gani ba. Yaya ma ba ta tambaya ba. Goggo ta yi ta kawo mana nono har ƙafa ta gagare ta, ta tafi kabarinta ba ta san ta taɓa zama a ƙirjin kowa ba.

Na girma, na yi makarantar horon malamai, na ƙarar da ƙuruciyata da alli a hannu tsakanin Ringim da Dutse ina koyar da kimiyya. Bayan na yi ritaya na karanta abin da masu binciken barci suka rubuta a kan dannau, kuma na gamsu da shi. Sun ce in mutum ya shiga barcin mafarki, jiki kan kulle gaɓoɓinsa don kada ya tashi ya aikata abin da yake mafarki. Wani lokaci hankali kan riga jiki farkawa, sai ka zama ido biyu a cikin kulallen jiki, mafarkin kuma bai gama wucewa ba, sai ya zubo cikin ɗakin ya ari fuskar da ta fi kusa. Gajiya na kawo shi, da ƙarancin barci, da kwanciya rigingine, wato Baba ya ci rabin maki. Sun kuma lura cewa wanda ya fi tsoron abin ya fi shan wuyarsa. Ni Musulmi ne, ban musa akwai aljanu ba. Amma ban ga dalilin ɗora musu abin da jijiyoyina ke iya yi da kansu ba. Da Iya ta ji wannan bayani da ta taɓe baki ta ci gaba da kaɗinta, kuma da ba ta fasa miƙa moɗa ba, don ko aljani ne ko jijiya, sunan da ya fita daga baki ya fita.

Yanzu Yaya ta tsufa, unguwa na kiranta Hajiya. 'Ya'yanta sun kyautata mata yadda ake kyautatawa a zamanin nan: ɗaki ita kaɗai, da fanka, da banɗaki a ciki, da ƙofar ƙarfe, da firji cike da ruwan leda. An fitar da randarta an ce tana tara sauro. Gidan cike yake da mutane, amma in rana ta take kowa na bayan ƙofarsa da wayarsa, kana iya mutuwa a ɗaki ba a sani ba sai an zo karɓar caja. Mutum guda ce ke leƙa ta kullum kafin azahar, ita ce Mai Kifi. Bahaɗejiya ce, mijinta ya rasu, ta kama hayar ɗaki a gidan da ke jikin nasu, tana suyar tarwaɗa da karfasa a bakin layi tana riƙe 'ya'yanta. Takan kawo wa Yaya kan kifi da romo, su zauna su yi gulmar farashin mai, sannan ta tafi wankin kifinta, Yaya ta kishingiɗa. Ita ce fuskar ƙarshe da Yaya ke gani kafin barci. Wanda ya karanta sakin layin da ya wuce ya riga ya san sauran.

Yaya na da jika, saurayi, ya gama babbar makaranta yana jiran aiki, tana kiransa Maigida irin wasan kaka da jika. Shi da abokansa sun kafa abin da suke kira farautar aljanu. Su ɗauki tocila da waya su shiga kangwaye da kogunan duwatsun garin nan, suna raɗa wa masu kallo cewa sun ji motsi. A wayar akwai wata manhaja mai ƙara ƙit-ƙit, wai tana jin ƙamshin aljani. Duk abin da suka taɓa kamawa jemagu ne da wata akuya da ta ɓata, kuma masu kallon sun fara gajiya. Sai Maigida ya ji labari wajen matan gida cewa Hajiya kan yi gurnani in tana barcin rana. Aljani har gida, ba sai an hau dutse ba.

Na kalli bidiyon sau ɗaya, kuma ba zan sake ba. Yayata ce kwance rigingine, ɗankwalinta ya zame, idonta a buɗe yana bin su, maƙogwaronta na fitar da wannan sauti da na sani tun ina yaro. Roƙo take. Duk wanda ya taɓa shiga ya san roƙo ne. Jikanta na tsaye daidai ƙafarta, tsakanin hannunsa da babban yatsanta bai kai kamu guda ba, yana gyara wayar don haske ya faɗa kan fuskarta, yana raɗa, "Jama'a ku gani da idonku, yanzu haka yana kanta." Matar da ta murɗa yatsana ta cece ni, ga ta an tsaya a kanta ana jiran abin ya ƙara kyau. Da ya sake ta don kansa, ta zabura tana haki, sai ya kai wayar bakinta, daidai inda moɗa ya kamata ta je.

"Amarya, wa kika gani? Faɗa wa Maigidanki, wa kika gani?"

"Mai Kifi ce," in ji Yaya, tana kuka. "Ta zauna min a ƙirji."

Kafin magariba babu wayar da abin bai shiga ba a Limawa. Washegari da la'asar na tarar da taro a bakin layi. Man kaskon Mai Kifi na tafasa ba kowa a layin saye, ita kuma tana tsaye da matsami a hannu, 'yarta ƙarama ta ƙanƙame mata zane. Wata mata da na koyar da ita a aji, na kuma san ta ci jarrabawar kimiyya, ita ce kan gaba tana cewa a kai ta ta tsallaka Hajiya. Na ɗaga murya na yi musu bayanin jijiya da mafarki, yadda na saba a gaban allo. Wani matashi ya ce, "Baba Malam, wannan boko ne, mu da idonmu muka gani." Da idonsu. Tsohuwa suka gani a kwance, sauran duk Maigida ne ya raɗa musu.

Sai ga Yaya ta fito tana dogara sanda, ita da ta daɗe ba ta taka bakin layi ba. Ta ratsa su ta zauna a bencin Mai Kifi.

"'Yar nan, ba ni mai zafi. A bakina za ki sa min, da hannunki."

Ta ci a gabansu, ta suɗe yajin, ta dube su. "Ni na faɗa, kuma ban san na faɗa ba. Mafarki ne. Ku ji tsoron Allah ku watse."

Sai wata murya daga baya ta ce, "Kun gani ko? Ta gama shanye ta, har kare ta take." Nan na gane an rufe ƙofar ta kowane gefe. In Yaya ta yi shiru, shaida ce. In ta musa, babbar shaida ce. Liman ya yi huɗuba mai kyau a kan zato da ƙazafi, kowa ya gyaɗa kai, aka fito ba wanda ya sayi kifi. A islamiyya yara suka daina zama kusa da 'ya'yanta, don an ce abin gado ne. Wanda ya ba ta haya ya tuna cewa ɗansa zai yi aure yana bukatar ɗakin.

Ina nan ranar da Mai Kifi ta zo sallama. An riga an ɗora kaskon da katifa a mota. Ta durƙusa a gaban Yaya, Yaya ta riƙe hannunta tana kuka.

"Hajiya, ki daina kuka, ni ban riƙe ki ba. Ke barci kike." Ta juya ta dubi ƙofofin tsakar gidan, duk a rufe. "Su da suke ido biyu fa?"

Ba wanda ya fito. Ta ce min, "Baba Malam, a riƙa leƙa ta da rana, ba ta son kaɗaici," ta tafi.

Abin da ke ci min rai ke nan. Ba ina cewa mutanen da sun fi na yanzu ilimi ba ne, ba su fi su ba. Iya ta mutu tana ganin ƙasa a shimfiɗe take kamar faifai. Amma ta san tsoro abu ne mai cizo, ta kuma yi masa takunkumi da abin da take da shi. Jikokin jikokinta sun gaji tsoron cif, ba su rage ko ƙwaya ba, har sun saya masa tocila da manhaja, aikin da ke tare da shi ne kawai suka bari a ƙauye. Da na tare Maigida cewa ya yi, "Baba Malam, ai bincike muke yi, na'urar ta yi ƙara sosai a ɗakin." Na ce ta yi ƙara a gindin mitar wuta ma, me ya hana shi tara wa mitar jama'a? Mai bincike na gaske, kafin ya tambayi tsohuwa abin da ta gani, sai ya nemi izininta tana cikin hankalinta, ya ɓoye sunanta, ya ɓoye sunan da ta kira. Ya ce ya goge bidiyon. Ya goge nasa. Na sauran garin fa?

Na sa an kawo min randa daga kasuwar Shuwarin, na binne gindinta a yashi a ƙofar ɗakin Yaya, duk mai maganar sauro ya same ni. Kullum in na idar da azahar nakan zo da littafina in zauna wajen ƙafarta. Mun koma inda muka fara, ni da ita, sai dai mun yi musayar wuri.

Jiya ina zaune Maigida ya shigo, waya a hannu, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce yana so ya yi bidiyon gyara, mutane su fahimta, ya ji an ce akwai wata tsohuwar al'ada ta ruwa, ko zan yi wa masu kallo bayaninta.

"Zan yi," na ce. "Kife wayar a ƙasa. Ba a bayaninta, sai dai a gwada."

Na zame faifan na cika moɗa na miƙa masa. "Kurɓa. Cika bakin. Kada ka haɗiye sai na ce."

Ya yi dariya ya kurɓa, yana zaton wasan kaka da jika ne. Sai na faɗa masa abin da direban da ya kai Mai Kifi ya faɗa min: bidiyon ya riga ta isa Haɗeja, matar ɗan'uwanta ta ware mata kwano da moɗa, kaskon yana jingine a bayan ɗaki ya fara tsatsa, ƙaramar 'yar kuma ta daina magana da kowa. Dariyar ta bar idonsa. Ya motsa baki zai kare kansa, ruwan ya hana shi. Ya ɗaga min hannu yana neman izini.

Iya ba ta ba da izini sai ta ga mutum ya dawo hayyacinsa. Na dube shi da kyau ta saman tabarau, ban ga alama ba tukuna. Yaya na barci a gefenta na dama, numfashinta lafiya lau. Na buɗe littafina na ci gaba daga inda na tsaya.